Tabon Wuyan Malam

An shafe gidan Malam da farin fenti, an kafa masa ƙofar ƙarfe, an shuka furanni a inda da awaki ke kwana. Da ba a gaya mini ba, da na rantse ofishin gwamnati ne. Ni na san gidan tun ina yarinya mai tallar gyaɗa, lokacin da zaurensa ke yoyo da damina, ga mutane cunkus kowa da kukansa. Wannan an ƙwace masa gona, wancan an zane shi a kan haraji, wani an kama ɗansa aikin hanya ba ko sisi. Malam na zaune a kan buzu yana saurare, yana rubuta musu takardar ƙara, in ya ɗago ya gan ni sai ya sayi gyaɗata duka ya raba wa masu jira. Yanzu an ce gidan tarihi ne, ana kawo yaran makaranta su ga inda mutumin da ya tsaya wa talakawan Bauchi ya zauna.

Ba don kaina na je ba. Jikar yayana ce ta matsa mini, yarinyar da na riƙe tun tana rarrafe, yanzu kuma malamar makaranta ce, muna zaune tare a unguwar Gwallameji. Ta ce, "Kaka, ki raka ni. So nake in tsaya a gidan nan in roƙa wa kakana gafara, ko zuciyata ta huta." Kakan nata shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsofaffin cikin gari ba su san shi da wani suna ba sai Mai Ruwan Zafi, domin an ce shi ya kwara wa Malam tafasasshen ruwa a wuya. Da sunan ya rayu, da shi aka kai shi kabari, 'ya'yansa suka gada. Ba shi ba ne kuwa. Na san haka tun ina da haƙorana cif, na yi shiru har suka zube saura 'yan ƙalilan.

Haihuwar fari ce, na dawo gidanmu wanka kamar yadda aka saba. Matan yanzu ba su san wanka ba. Mace ta haihu a asibiti, a dawo da ita a mota, ta jona butar lantarki ta watsa ruwa mai ɗumi-ɗumi, kwana uku ka gan ta tana latsa waya. Likitoci sun ce namu azaba ce da cuta, mai yiwuwa da gaskiyarsu, amma mu ba wanda ya tambaye mu ra'ayi. Kwana arba'in ne, safe da yamma. Mijina ya sayi itace wajen matan ƙauyen Miri masu ɗauko shi a ka tun da sassafe, aka jibge shi a tsakar gida har ya fi ni tsawo. Akwai wata ƙatuwar tukunya a kan murhu wadda ba ta hucewa. Har yau ina jin ƙarar tafasarta, da ƙamshin ganyen darbejiya, da hayaƙin da ke shiga ido. A ɗaki kuma ga gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, a kai nake kwana ina gasuwa, in tashi a miƙo mini kunun kanwa mai yaji. Goggo ce mai yi mini wankan, yayar babanmu, 'yar guntuwar tsohuwa mai baki kamar reza. Takan juye ruwan a kwatarniya, ta sirka da ƙwarya ɗaya ta ruwan sanyi tana tsaki kamar an yi mata asara, sannan ta zaunar da ni a kan turmi ta tsoma ganye ta fyaɗa mini. In na daure sai ta ce, "Ba ki yi ihu ba? To ruwan bai dahu ba ke nan."

Shekarun nan Turawa na shirin tafiya, gari ya rabu biyu. Mu matan cikin gida ba mu san siyasa ba sai abin da ya tsallako daga zaure. Babanmu yana da rumfar yadi a kasuwa, manyan gari ne masu sayen kayansa, saboda haka ba sai an tambayi ɓangarensa ba. Kullum bayan ya dawo sai mu ji shi yana faɗa wa abokansa cewa mutanen Malam ba sa durƙusa wa manya, ba sa cire takalmi a gaban na gaba da su, marasa kunya ne. Akwai maganarsa guda da ta zauna mini a kai. Ya ce, "Ranar da waɗannan suka sami dama, katanga ba za ta hana su shiga kan matan mutane ba." Ni da na san Malam da sayen gyaɗa, sai na ce a raina ai mutum yana canjawa, Baba kuma ba ya ƙarya.

Yayana kuwa ƙato ne, ɗan kokawa, mai dariya da ƙarfi. Shi ya yi ta ɗaukata a wuya ina ƙarama, da na haihu kuma ba ranar da bai shigo mini da tsire a ganye ba, yana tsokanata wai na zama tsohuwa. Amma ba zan wanke shi tas ba don ya mutu. Ya shiga barantakar wani babban mutum, aka ba shi riga da gora mai zoben ƙarfe a kai, aikinsu shi ne duk inda mutanen Malam suka taru su je su watsa taron. Ya fasa kawuna, ya karya haƙarƙari, yakan dawo yana wanke gorar a bakin rijiya yana waƙa. Ina son shi, ina kuma tsoron wannan waƙar.

Ranar da abin ya faru na wuce rabin wanka. Bayan la'asar ne, rana na nan da sauranta. An taru a filin da ke bayan unguwarmu, kusa da ganuwa, muna jiyo muryar Malam sama-sama da amsawar jama'a. Sai muka ji wata kururuwa daban, sai gudu. Wanda bai taɓa jin saukar gora a kan mutum ba, ba zan iya kwatanta masa ba, abin da ya fi kusa shi ne fasa kabewa. Lungunmu ya cika da ƙafafu, wata mata na ta kiran sunan ɗanta, jakai na kuka. Wani ya faɗo jikin katangarmu ta waje har ƙasa ta zubo, suka rufe shi a nan. Ina ji yana haɗa su da Allah, yana cewa yana da 'ya'ya ƙanana. Can ya daina magana, su kuma ba su daina dukan ba. Goggo ta riga ta juye ruwa a kwatarniya, ba ta kai ga sirkawa ba ta ruga ta tura ƙyauren tsakiya. Ni kuma ina tsaye a bakin murhu, na kwance zani ke nan.

Sai mutum ya faɗo ta kan katanga, tim, taku uku tsakanina da shi. Fuskarsa jini ne kawai, ba ka gane ido ba ka gane hanci. Ban yi tunani ba. Maganar Baba ce ta zo mini, ga jaririyata kwance a ɗaki. Na fizgi ƙwarya na kamfato daga tukunyar da ke tafasa na watsa masa da iya ƙarfina. Ruwan ya same shi daga kunne zuwa wuya har kafaɗa. Ina kallo fatar ta yi fari, ta tattare, da ya ja rigarsa sai ta saɓule ta bi rigar. Bai yi ihu ba. Ya cusa hannun riga a baki ya cije, ya durƙushe yana karkarwa, domin masu nemansa na bayan katangar nan. Da ya sami numfashi sai ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Rufe jikinki. Ban san da mutum a nan ba." Muryar na gane. Ƙwaryar ta faɗi daga hannuna.

Goggo ta dawo ta gan shi ta yi salati. Ashe ƙawar mahaifiyarsa ce tun suna 'yan mata, ta goya shi ma yana jariri. Ba ta tsaya tambaya ba, ta ja shi ta tura ɗakina, ta cusa shi tsakanin bango da gadon ƙasa, ta lulluɓe shi da tabarma da tsofaffin zannuwa. Mutumin da ya ƙone ɗanye, aka kwantar da shi jikin gado mai garwashi.

Ba a jima ba zaure ya cika da maza, ana ta cewa, "Nan ya faɗa! Nan ya faɗa!" Duk haukan da suke ciki, ba wanda ya ƙetare zauren, domin a wancan zamani baƙon namiji ba ya shiga cikin gidan mutane ko da me yake nema. Amma suna da ɗan gida a cikinsu. Muna ji wani ya ce, "Kai, ai gidanku ne, shiga ka fito mana da shi." Goggo ta ja kwatarniyar nan zuwa bakin ƙofar ɗakina, ta mirgino turmi, ban gane nufinta ba.

Yaya ya banko ƙyaure ya shigo. Rigarsa a yage, idanunsa jajur, a kan zoben gorarsa akwai jini da gashin kan mutum. Ban taɓa ganin fuskar nan a wurinsa ba.

Ya ce, "Goggo, ina yake?"

Ta ce, "Wa kake nema, ɗan nan? Ubanka na kasuwa."

Ya dubi katanga, ga shatin jini. Ya dubi ƙasa, ga hula a cikin ruwa mai tururi. Sai ya doshi ɗakina. Nan take Goggo ta danna ni a kan turmi a tsakiyar ƙofa, ta fizge zanin da na ɗaura, ta tsoma ganye a ruwan da ba a sirka ba ta shimfiɗa mini a gadon baya. Ihun da na yi, an ce har masallacin unguwa an ji. Ta sake tsomawa ta sake fyaɗawa, tana cewa, "Shigo mana! Zo ka tsallake tsiraicin ƙanwarka ka shiga, tunda kunya ta ƙare a gidan nan! Zo, ƙato, me kake jira?" Sau huɗu ta yi mini, ina jin bayana na tsagewa, jaririya na tsala kuka a ciki.

Tun a na farko Yaya ya juya mana baya. Ya tsaya jim kaɗan yana huci. Sannan ya sunkuya ya ɗauki hular, ya cusa cikin rigarsa, ya fita. Muna ji yana ce musu, "Ba kowa, mai jego ce ke wanka. Ya bi ta bayan masallaci." Suka kwasa a guje.

Goggo ta shafa mana zuma mu biyu, shi a wuya ni a baya, tana kuka tana zagina tana zagin kanta. Ta ce ya kwana, ya ƙi. Ya ce, "Inna, in aka same ni a nan, gidan nan ya tashi, auren yarinyar nan ma ya mutu." Kafin magariba ya miƙe da ƙyar. Ni na kasa ko ɗaga ido, sai kuka nake ina cewa ya yafe mini. Ya ce, "Abin da kika yi shi ya kamata kowace mace ta yi wa wanda ya hauro mata katanga. Ba wanda zai ji daga bakina." Ya koma ta inda ya shigo, ya taka da ƙafarsa ya kai kansa wajen 'yan doka. Goggo kuma ta sa na rantse. Dangin mijina mutane ne masu tsanani, in suka ji namiji ya gan ni ba zani, har ya kwanta a ɗakina, saki ne, su karɓe 'yar in an yaye ta, sunan kuma ya bi ni har abada. Ko Baba ba a gaya wa ba, an ce masa hannun Goggo ne ya kuskure.

Washegari aka zuba toka a gindin katangarmu ta waje. Mutumin da aka daka a wurin tela ne, ya rasu kafin a kai shi gida. Waɗanda aka kama kuma aka aske musu kai, aka zane su a bainar jama'a a kasuwa, Malam aka ɗaure shi. Amma mutane sun ga wuyansa a gaban alƙali, jan nama a buɗe, kuma ya ƙi faɗin wanda ya yi masa. An ga Yaya ya shiga gida mai hayaƙi shi kaɗai, daga baya wani abokinsa ya ga hular Malam a wurinsa ya baza labari. Kafin mako ya zagayo duk gari ya haɗa labarin da kansa, wai Yaya ya ritsa Malam ya kwara masa ruwan zafi. Mutanensa har kirari suka yi masa. Bai musa ba, domin in ya musa, tambaya ta gaba a ƙofar ɗakina za ta tsaya.

Ranar da na cika arba'in, samarin Malam suka tare shi da hantsi a hanyar Miri. Su shida ne aka ce. Suka danne shi, suka ɗora hannunsa na dama a kan dutse, suka yi ta dakansa da wani dutsen har ƙasusuwan suka zama gari. A kan jaki aka kawo shi, hannun na reto kamar tsumma. Ina tsaye da kitsona sabo da lalle, ana shirin mayar da ni ɗakin miji. Na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni daga kan jakin ya girgiza kai. Na rufe bakina, aka raka ni gidan mijina da gara da guɗa.

Da Malam ya fito ya faɗa a gaban taro cewa ba ɗaya daga cikin masu gorar nan da ya ƙona shi, kada a sake taɓa kowa da sunansa. Jama'a suka ce ku ji haƙuri irin na bawan Allah, yana rufa wa maƙiyinsa asiri. Aka sami mulkin kai, aka raba wa yara tutoci, aka yi ta kiɗa, ni ina goyon na uku. Babban mutumin da ya ba Yaya gora ya shiga mota ya manta da shi. Yaya ya koma sayar da rake da hannun hagu a bakin kasuwa, yara na wucewa suna yi masa waƙa. 'Ya'yansa mata sai a ƙauye suka sami mazan aure. Ni kuwa na zauna lafiya a ɗakina, na aurar da nawa, na je Makka, ana kirana Hajiya. Bayan mijina ya rasu na taɓa ce masa, "Yaya, bari in faɗa, yanzu ba abin da zan rasa." Ya ce, "Bar shi. Telan nan da ya mutu a gindin katangarmu, har da gorata a kansa, ba wanda ya taɓa tuhumata. Wannan ya tsaya a madadin wancan." Na karɓi maganarsa hannu biyu don ta yi mini daɗi. Ban tsaya na tuna cewa 'ya'yansa ba su fasa kan kowa ba.

To, ranar nan muka sauka daga keke a ƙofar gidan, muka tarar da yaran wata makaranta, muka bi bayansu. Mai yi wa baƙi bayani wani saurayi ne mai ladabi daga kudancin jiha, Hausarsa ba ta gama nuna ba. Ya nuna mana buzun Malam, da tabaransa, da alƙalaminsa a cikin akwatin gilashi. Sannan ya tsaya a gaban wani babban hoto, inda tabon ya fito sosai daga kunne har cikin wuyan riga. Ya ce wa yaran wannan aikin wani ɗan daba ne da ake kira Mai Ruwan Zafi, su duba su ga irin muguntar da aka yi wa masu gaskiya. Yaran suka yi ta Allah wadai. Sai na ga yarinyata ta matsa gaba, hawaye na zuba, ta ce, "Kakana ne. Na zo ne in nemi gafara a madadin gidanmu." Ta fara durƙusawa a gaban hoton.

Na daka mata tsawa na ce, "Tashi! Kakanki bai ƙona kowa ba. Ni ce."

Saurayin ya yi murmushi ya jawo kujera. "Mama, ka zauna ka huta, zafin rana ne."

Na ce, "Kai ne rana ta buga." Na yar da mayafi, na juya musu baya, na ɗaga rigata har kafaɗa. Tsohuwa irina kunyar wa za ta ji yanzu? Na ce su duba tabon bayana da kyau, ruwan tukunya ɗaya ne. Na ba su labarin tun daga hawan katanga har zuwa jakin da ya kawo Yaya, ban rage komai ba. Saurayin ya ce zai gaya wa ogansa, ko za a gyara bayanin. Su gyara ko kada su gyara, wannan ya rage nasu.

Ni da yarinyata muka hau keke muka koma Gwallameji. Ta biya mai keke, ta kama hannuna ta tsallakar da ni kwata, ta kai ni har bakin gadona. Sannan ta tsaya a ƙofa ta ce, "Babana har ya mutu bai taɓa faɗin sunan ubansa a gaban mutane ba. A makaranta sunan unguwa ya sa mana. Kina zaune kina kallo, Kaka."

Na ce, "Ina kallo."

Yau kwana tara ke nan. Tana aiko mini da abinci a kan lokaci, ba ta fasa sayo mini magani ba, amma ba ta sake shigowa ɗakina ba. Ni ma ban aika a kira ta ba.